Mayar da modem gada: inda aiki ya kwana

'Yan uwa masu koyon haɗa intanet a gida, aikin mayar da modem gada, wato sa shi ya riƙa miƙa intanet kawai ya bar wa rauta (na'urar da ke raba intanet a gida) sauran aikin, ya kai matakin gwaji, ga abin da ya fito.

Abin da ake gudu shi ne NAT mai hawa biyu, wato sauya adireshin intanet sau biyu. Yawancin modem ɗin da kamfani ke bayarwa yana aikin rauta shi ma, to in aka jona masa wani rauta, kowanne sai ya riƙa sauya adireshi. Shafuka za su buɗe lafiya lau, amma leƙa kyamarar gida daga waje ko wasa da wasu ta intanet sai ya gagara. Alamar ita ce adireshin WAN na rauta, wato na ɓangarensa da ke fuskantar waje, ya fara da 192.168.

Kafin a taɓa komai, a kwafe saitin modem a takarda domin a saka shi a rauta: haɗin DHCP ne (mai karɓar adireshi kai tsaye) ko PPPoE (mai neman suna da kalmar sirri), sunan shiga, kalmar sirri, da lambar VLAN in akwai, wato lambar da kamfani ke ware layin intanet da ita. Wannan lamba ta fi komai ka da mai koyo, domin in layin yana buƙatarta kuma ba a saka ba, rauta zai yi ta kira babu amsa. Kalmar sirrin kuwa galibi a rufe take da ɗigo-ɗigo, sai an nema a wurin kamfani.

Bayan an kunna yanayin gada, a cire wa na'urorin biyu wuta, a ja kebul daga ramin LAN (na ɓangaren cikin gida) na farko a modem zuwa ramin WAN na rauta. Modem ake fara kunnawa, a ba shi minti biyu ko uku fitilunsa su daina ƙiftawa, sannan rauta. Modem mai kebul irin na talabijin yakan maƙale wa adireshin MAC (lambar shaida) na na'urar farko da ya gani, don haka in da kwamfuta aka fara gwaji, sai an sake cire masa wuta kafin ya karɓi rauta.

A kan PPPoE, MTU, wato iyakar girman ƙunshin bayanai da rauta ke aikawa, bait 1492 ne ba 1500 ba, saboda bait 8 da haɗin ke ci. In ya zarce, wasu shafuka kan tsaya rabi.

Idan duk an gama amma adireshin WAN ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, kada a wahalar da rauta. CGNAT ne, wato NAT ɗin da kamfani ke yi a nasa ɓangaren, su kaɗai ke iya ba da adireshi na fili.

Gada tana da asara. Wi-Fi na modem yakan mutu, wayar tebur da talabijin da ke bin layin ma suna iya ɗaukewa, tsaron intanet ɗin gida kuma ya koma wuyan rauta gaba ɗaya. Shafin saitin modem ma yakan ɓace, ko da yake modem mai kebul irin na talabijin yakan amsa a 192.168.100.1. In modem ba shi da yanayin gada sam, a sa adireshin rauta a DMZ na modem, wato saitin da ke tura wa rauta duk abin da ya shigo daga waje, ya fi babu.

Saura IPv6, sabon tsarin adireshin intanet: a kunna saitin DHCPv6-PD a rauta, a ga ko kamfani zai ba da rukunin adireshi.