Mada'in Salih

Jama'a bayan Umara ne muka shiga tawagar 'yan yawon buɗe ido daga Madina zuwa Al'ula, tafiyar sama da kilomita 300 a bas, wallahi har yanzu abin bai sake ni ba.

A Mada'in Salih da ke kusa da Al'ula, kaburbura ne sama da ɗari aka sassaƙa a jikin duwatsu, jagoranmu ya ce Nabaɗawa ne suka yi su wajen shekara 2000 da suka wuce, mutanen da suka gina Petra ta Jodan. Wanda ya fi tsaya min shi ne Ƙasrul Farid, dutse guda tilo a tsakiyar rairayi, daga sama suke fara sassaƙa su gangaro, shi kuma ba a ƙarasa shi ba, in ka matsa kusa za ka ga sawun kurfi ɓaro-ɓaro a ƙasan, saman kuwa sumul kamar an shafe da siminti. A 2008 UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya, na farko a Saudiyya.

Ni dai hoto kaɗan na ɗauka, don nan ne Hijr da Alƙur'ani ya ambata, kuma Annabi (SAW) ya ce kar a shiga sai ana kuka, wani dattijo a cikinmu ma ƙin sauka ya yi daga mota, kuma na fahimce shi.

Da yamma wani manomin dabino ya zaunar da mu a gonarsa ya zuba mana gahawa, yana ba mu labarin tsohon garin Al'ula mai ginin ƙasa da iyayensa suka tashi a ciki, ni da guntun Larabcina na islamiyya muka sha hira har magariba. Allah ya saka masa da alheri.