Alhamis a Damagaram, ranar canjin fansho

Saƙon banki ya shigo jiya bayan isha'i, don haka yau ranar canji ce. Lokacin da nake Kano, in fansho ya shigo sai in yi hamdala in juya in ci gaba da barcina. A nan kuwa shigowarsa rabin aiki ne, domin naira ba ta sayen ko albasa a kasuwar Dole sai ta koma sefa, kuma a wajen komawar ne take zubewa.

Hajiya ta riga ni tashi da nisa. Famfo ya kawo ruwa cikin dare, ta tashi yarinyar da ke taya ta aiki suka cika randuna da duro kafin ya ɗauke. Da na fito alwalar asuba na tarar tsakar gida jiƙe, ga sanyin hunturu yana ratsa ƙashi. Ita ko a jikinta, tun tana yarinya haka ta san garinsu. Damagaram a kan dutse take zaune, ruwan daga nesa ake turo shi, kuma ƙarancinsa na cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birni da Faransawa suka yi daga nan zuwa Yamai a 1926. Ran da famfo ya yi shiru sai 'yan garuwa, su ma da sefa ake biyansu.

Bayan na dawo masallaci na leƙa ɗakin Inna, mahaifiyar Hajiya, na gaishe ta. Saboda ita muka dawo nan. Hajiya ta bi ni Kaduna, ta bi ni Kano duk tsawon aikina ba ta taɓa cewa uffan ba, to da na yi ritaya, yara kowa ya kama gabansa, tsohuwa kuma ƙafa ta ƙi, ban ga bakin da zan ce a'a da shi ba. Inna ta amsa gaisuwa ta ce, "Alhaji, ka karya kuwa? Kar su bar min kai da yunwa, a ce mun wulaƙanta baƙo." Har yau baƙo take ce min. Na ce, "Inna, ai na zama ɗan gari." Ta yi dariya ba ta ce komai ba.

Wajen ƙarfe tara na hau kabu-kabu zuwa wurin mai canjina. Yaro ne da bai wuce sa'ar ɗana na biyu ba, yana zaune a kan benci da wayoyi biyu da jakar fata a ƙirji. Yadda abin yake, ina tura masa naira daga wayata zuwa asusunsa na wani banki a Najeriya, saƙo ya faɗo masa, ya ƙirgo min sefa a hannu. Yau intanet ta yi nauyi, muka zauna muna kallon waya tana juyi, shi yana shan shayinsa ni ina ta lissafi a zuci. Da kuɗin suka tafi ya lashi yatsa ya ƙirgo takardun jika goma-goma, masu ruwan shunayya, ya ɗora 'yan ƙanana a kai, ya ce, "Baba, ƙirga." Na ƙirga. Ba su da wuyar ƙirgawa, abin da ya dame ni ke nan.

A 2014, da muke zuwa ganin gida, jika guda, wato sefa dubu, naira ɗari uku da 'yan kai ce. Yanzu ta haura naira dubu biyu. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta da kanta a watan Yunin 2023 abin ya ƙara lalacewa, alhali sefa tana ɗaure da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Fanshona kuwa na tsarin adashen nan ne da aka kafa da dokar 2004, aka gyara a 2014, ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba kashi 10. Abin da aka tara da naira aka tara shi, da naira kuma ake yanko min duk wata. Wanda ya rubuta dokar bai yi tunanin tsohon da zai ci a wata ƙasa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Duk mai shirin yin ritaya ya tsallaka iyaka, kafin ya tambayi lafiyar gari ko kyawun gida, ya fara tambayar kansa da wane kuɗi za a biya shi, da wane kuɗi kuma zai sayi hatsi.

Daga nan na taka zuwa kasuwa, da yake Alhamis ce ranar da take cika. Mutanen ƙauye sun shigo da amalanken shanu, ga Buzaye da rawunansu, ga kayan lambu daga wajen Mirriya. Na sayi tumatir da albasa da ɗan nama. Lissafin kasuwa a nan da dala ake yi, dala guda sefa biyar. Mai nama ya ce "ɗari da hamsin", wato sefa 750. Sai na ninka da biyar in sami sefa, sannan kaina, ba tare da na sa shi ba, ya sake ninkawa ya mayar naira. Wannan ninki na biyu shi ke hana ni cin nama da daɗi. Hajiya ta sha ce min, "Malam, ka daina mayarwa naira, hawan jininka kake tayarwa." Gaskiyarta, amma wanda aljihunsa ke Kano ba zai iya dainawa ba.

Maganin hawan jinin ma na biya na saya. Takardar likita da Faransanci take, kwalin ma haka. Yarinyar da ke kantin ta ɗauki biro ta ja min layi ɗaya a jikin kwalin, ta ce da Hausa, "Baba, guda da safe, bayan kun karya." Na yi shekaru ina sa hannu a takardun gwamnati, mutane na jira a ƙofar ofishina, yau ga ni a gaban kanta ana karanta min takarda.

Da azahar babban ɗana ya kira daga Kano. Bayan gaisuwa ya koma kan maganarsa ta kullum: "Baba, ku dawo mana. Ku taho da Inna, a nan ma akwai asibiti." Na ce masa tsohuwar da aka haifa a Birni, tsohuwar unguwar garin nan, ta aurar da 'ya'yanta a Birni, ba za ta yarda a kai ta wani gari a ƙarshen kwananta ba. Ya ce ai Damagaram da Kano duk ɗaya ne. Haka kowa yake faɗa, ni ma haka na ɗauka da farko. Tafiyar ba ta kai kilomita 250 ba, ka bi ta Matamaye da Ɗan Barto ka faɗa Daura, ko ka bi ta Magarya. Yamai kuwa kusan kilomita 900 ce daga nan. Harshe ɗaya, alƙibla ɗaya, tuwo ɗaya, ko agogo ba ka gyarawa. Amma ba mu daɗe da tarewa ba sojoji suka karɓi mulki ranar 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka, aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. A watannin nan aka yi sunan jikata a Kano, a waya na ji kukanta. Tun daga lokacin na daina cewa duk ɗaya ne. Yanzu kuma Nijar ta fice daga ECOWAS tun 29 ga Janairun 2025. Ana shiga ana fita ba biza kamar da, amma fasfona ba ya rabuwa da aljihun gaban rigata, ko masallacin Juma'a zan je.

Na ɗan kishingiɗa, bayan la'asar na fita fada. Haka suke kiran majalisa a nan: tabarma a gindin bango, gawayi a ɗan murhun waya, buta ƙarama tana tafasa. Mai haɗa shayin yana ɗaga hannu sama yana tsiyayawa daga kofi zuwa kofi har kumfa ta tashi, na farko da ɗaci, na biyu da dama-dama, na uku kusan ruwan sukari. Ba a gaggawa, wanda ya sha na farko ya tashi ya yi rashin ladabi.

Ina zama Mushe ya fara. Tsohon malamin makaranta ne, a nan kuwa Mushe ake ce wa malamin boko, shi ya sa kowa ke kiransa haka, shi ma ya ajiye aiki. Ya ce, "Bakano, an ce yau ka je canji. A kawo maka buhu ko aljihu ya isa?" Aka kwashe da dariya. Tsakanin Kanawa da Damagarawa akwai wasa, kuma ba ya gajiya da tuna min yadda Sarki Amadu Kuran Daga ya kai yaƙi ƙasar Kano a zamanin Sarki Alu, da igwan da aka ƙera a garin nan tun zamanin Tanimun. Na ce masa duk da igwan, har yau in za su aurar da 'ya Kantin Kwari suke zuwa sayen atamfa.

Da dariya ta lafa sai ya yi maganar da ta tsaya min. Ya ce su ma sun sha nasu. A Janairun 1994 aka wayi gari an karya darajar sefa da rabi, albashinsa na nan yadda yake amma magani da duk kayan waje suka yi tsalle. Kafin nan kuma, lokacin da naira ta fi dalar Amurka, samarinsu Kano suke tafiya ci-rani su dawo da rediyo da keke. Ya ce, "Alhaji, kuɗi juyawa yake. Naka fanshon yana narkewa, nawa ba ya narkewa amma tun asali bai kai ya kawo ba." Ban ba shi amsa ba, don ban da ita.

Abin da ban faɗa a fadar ba, kuma ba zan faɗa ba, shi ne ba kuɗin ne kaɗai ke ci min rai ba. Mutanen nan tare suka tashi. In ɗaya ya ambaci wani malaminsu na firamare ko shekarar wata yunwa, sauran sun san zancen tun kafin ya ƙarasa. Ni ba wanda ya san ni da ƙuruciya, ba wanda ya san ni a bakin aiki. Mijin Hajiya ne ni, surukin gidan Inna, Bakanon fada. Suna girmama ni iyakar girmamawa, an ba ni wuri mai kyau a tabarma, amma in an yi rasuwa a Kano ta wani abokin aikina ba ni da wanda zan ce wa "ka tuna shi?" Makon jiya aka yi irin wannan, na yi addu'ata ni kaɗai.

Kafin magariba mun yi magana da Mushe zai riƙa koya min karatun Faransanci da safe, ko da na takardar magani da ta kuɗin wuta ne. Ya ce ladansa goro, amma na Kano, kuma fari.

Da daddare muka zauna da Hajiya muka raba kuɗin: na hatsi, na garuwa, na wuta, na maganin Inna, na yarinya. Abin da ya rage na mayar cikin ambulan. Mun yanke shawara wata mai zuwa ba zan canza duka ba. Zan shiga Kano da kaina in ga jikoki, in sayo maganina na wata uku da sabulu da atamfar Inna da naira, in ya so abin da ya saura shi za a mayar sefa. Hajiya ta ce in ƙara da man shafawarta, na rubuta a bayan takardar likita.