Ruwan Dogon Yaro da Tafarnuwa a Gonar Shinkafa: Rigakafi Ne, Ba Magani Ba

Cutar shinkafa da malaman gona ke kira bilas ƙwayar fumfuna ce ke kawo ta. Takan fara da tabo mai siffar ido a ganye, tsakiyarsa toka-toka, gefensa ruwan ƙasa. Idan ta kama wuyan zangarniya sai ya yi baƙi, kan ya fito fari fat, ba ƙwaya. Raɓa mai daɗewa a ganye da yawan takin yuriya su ne ke ingiza ta.

Ruwan tsirrai irin su dogon yaro da tafarnuwa yana rage tsirowar ƙwayar cutar ne a kan ganye. Da zarar ta shige ciki, ya gama aiki. Shi ya sa mai jiran gona ta yi ja kafin ya ɗauko injin feshi yake cewa dogon yaro ƙarya ne.

Haɗin shi ne giram 50 na ƙwayar 'ya'yan dogon yaro a kowace lita ta ruwa, wato giram 800 ga injin goyo mai lita 16. A ɓare busassun 'ya'yan, a watsar da masu fumfuna, a daka a turmi, a jiƙa su kwana. Da safe a tace da ƙyalle sau biyu, in ba haka ba bakin injin zai toshe tun ba a yi nisa ba. A narka ɗan sabulu a zuba, don ganyen shinkafa ba ya riƙe ruwa, zamewa yake yi. A fesa da yamma a ranar, saboda rana tana kashe ƙarfinsa. A maimaita duk mako, musamman daga lokacin da shinkafa ta yi ciki zuwa fitar kai. In ruwan sama ya wanke, a sake.

Tafarnuwa ta fi ƙarfi a kan fumfuna, amma tsadarta ta sa ta fi dacewa da jiƙa iri da gadon reno. Giram 100 a lita guda, a daka, a yi amfani da ruwan sanyi. Tafasawa na lalata sinadarin alisin, wanda shi ne mai aikin. A fara gwadawa da iri kaɗan a ga tsirowarsa.

Idan tabon ya bazu ana dab da fitar kai, a dakatar da yuriya, kar a bar fadamar ta bushe, a nemi malamin gona ya faɗi maganin kanti da ya dace.