Kwana 60 Ɗin da Na Ƙirga Ba Daidai Ba

Ambulan ɗin ya yi mako uku a cikin kabad, ƙarƙashin zannuwan gado, kafin a nuna mini shi. Mako ukun nan ne har yau nake kwana da su, nake tashi da su.

Karatu ya kai ni Jalandhar, a jihar Punjab ta Indiya, na kama hayar ɗaki a saman benen wata dattijuwa da kowa ke kira Biji. 'Yarta, wadda nake ce wa Didi, wato yaya, shekararta uku da aure amma tana gida. Mijin ɗan yankinsu ne mazaunin Kanada, irin waɗanda ake ce wa NRI. Ya zo hutu, aka ɗaura aure, ya yi 'yan makonni, ya koma da alkawarin turo mata biza. Dokar 1961 ta haramta wa dangin ango karɓar dukiya daga gidan amarya, amma sai da Biji ta sayar da wani yanki na gona kafin a yi bikin. Da farko waya kullum, daga baya sai ranar Lahadi, daga nan shiru.

Wani dare Biji ta hau benen da ƙyar, ta miƙo mini ambulan ɗin, ta ce, "Puttar, 'yata, karanta mana. Uwar mijin ta ce takardun biza ne, kada mu ɗaga hankalinmu." Ba takardun biza ba ne. Ƙarar neman raba aure ce daga wata kotu a lardin Ontario, kuma an rubuta ɓaro-ɓaro cewa wanda aka kai wa takarda a wajen Kanada da Amurka yana da kwana 60 ya ba da amsa.

Sai na ɗauko kalanda na fara ƙirge daga wannan daren. Ban tambayi Didi ranar da aka kawo takardar ba, ban juya shafin da ta sa hannu ba. Na ce musu muna da wata biyu cur, alhali kwana 21 sun riga sun wuce.

Kuskure na biyu a kan na farkon ya hau. Na bincika a intanet na ga Ma'aikatar Harkokin Wajen Indiya tana da tallafi ga matan da mazajensu na ƙetare suka yasar, shirin da aka faro a 2007, aka kuma faɗaɗa shi a 2017 ya kai dala 4,000 a kan kowace ƙara. Murna ta kama ni. Na ɗauka kuɗi ne za a saka wa Didi a asusunta, mu kuma mu nemi lauyan da muke so. Saboda haka na ce kada mu taɓa komai sai kuɗi sun shigo. Na zauna ina jera takardu a tsanake, ina gyara wasiƙa, ga jarabawa a gabana.

Ashe matar ba ta ganin ko sisi a hannunta. Daga asusun jin daɗin Indiyawa mazauna waje ake fitar da kuɗin, ofishin jakadancin Indiya da ke ƙasar mijin shi ke riƙe da shi, kuma lauya ko ƙungiyar da ke cikin jerinsa ake biya kai tsaye don fara shari'a da shirya takardu. Wato abin da ya kamata in nema tun daren farko shi ne lauya, ba kuɗi ba. Saƙo ɗaya zuwa ƙaramin ofishin jakadanci na Toronto, da hoton shafin farko na ƙarar, da ranar da aka sa hannu. Aikin rabin awa. Ni kuma na ɓata makonni ina neman wasiƙa mai kyau.

Lokacin da muka kai ga magana da lauya a can, tambayarta ta farko ita ce, "Yaushe ta karɓi takardar?" Didi ta faɗi ranar. Na ji jikina ya mutu. Wa'adi ya wuce, mijin ya ci gaba da ƙararsa ba mai ja da shi, kuma ba a daɗe ba alƙali ya sa hannu. A Kanada rabuwar shekara ɗaya ta isa dalilin kashe aure. Lauyar ta ce hakkin ciyarwa bai mutu ba, amma abin da za a nema cikin amsa ɗaya yanzu sai an buɗe masa sabon shafi, ga tsada, ga lokaci, ga matar da ba ta taɓa taka ƙasar ba.

Daren nan ban iya sauka ƙasa ba. Didi ce ta hau da shayi, ta ce, "Ni na ɓoye takardar, ba ke ba." Gaskiya ne ta ɓoye, don kunya da tsoron bakin unguwa, da kuma sa ran ko zai dawo. Na san wannan haƙurin, da shi aka rene ni. Amma ni ce mai karatun, ni aka amince wa, kuma tambaya ɗaya ce ban yi ba.

Sauƙin ya zo ta inda ban zata ba. Wata abokiyar karatuna ta ce mu je ofishin taimakon shari'a na gunduma, tunda dokar 1987 ta ba kowace mace a Indiya damar samun lauya kyauta, komai samunta. A nan muka ji labarin hukuncin Kotun Ƙoli na 1991, na Narasimha Rao da Venkata Lakshmi: sakin da aka yanke a waje ba ya aiki a Indiya idan dalilinsa ba ya cikin dokar da aka ɗaura auren a kanta, kuma matar ba ta miƙa kanta ga waccan kotun ba. Auren Didi, na mabiya addinin Sikh, dokar auren Hindu ta 1955 ce ke hukunci a kan rabuwarsa. A idon Indiya har yanzu matarsa ce. Lauyan ofishin ya ma ce akwai matan da shiga shari'ar waje ke ɗaure su da hukuncinta, shi ya sa amsawa ko ƙin amsawa shawara ce da lauya zai auna tun kwanakin suna hannu. Mu ba zaɓa muka yi ba, kuɓuce mana ya yi, kuma wannan bambancin ne yake ci mini rai.

Daga nan abubuwa suka tafi da sauri. Muka shigar da koke a MADAD, shafin karɓar koke na Ma'aikatar Harkokin Waje, da sashen NRI na Hukumar Mata ta Ƙasa wanda ke aiki tun 2009. Aka shigar da ƙarar ciyarwa ƙarƙashin sashe na 125 na dokar tsarin shari'ar laifuka ta Indiya, da ta cin zarafi ƙarƙashin sashe na 498A na dokar hukunta laifuka. Lambobin sun canza a Yulin 2024 da sababbin dokoki suka fara aiki, don haka wadda za ta je yanzu kada ta rikice. Kowane fom lambar fasfon mijin yake tambaya, ba mu da ita, sai da muka tono ta a kwafin takardun neman bizar da ya sa Didi ta cike tun farkon aure. Dokar fasfo ta 1967 ta ba da damar riƙe fasfon wanda kotu ke nema da sammaci, amma sai in fasfon Indiya ne a hannunsa. Nasa na Indiya ne har lokacin.

Duk wadda ta kawo mini irin wannan takarda yanzu, kafin in karanta layi ɗaya sai na tambaye ta ranar da ta sa hannu, in rubuta a bayan ambulan, in tura wa lauya a daren. Mata biyu daga layinmu sun zo bayan Didi, ɗaya saura mata kwana tara.

Kotu ta yanke wa Didi kuɗin ciyarwa na wata-wata. Har na gama karatu na baro Jalandhar mijin bai turo ko sau ɗaya ba, bai kuma sake shigowa Indiya ba. Didi ta koma koyarwa a wata makarantar firamare. Makon jiya ta turo mini hoton takardar zaman kotu na gaba, ta zagaye ranar da jan biro.