Yaron marina da Katsinar 1903

Labarin da na rubuta ina aji biyu na babbar sakandare shafi shida ne, a kan ranar da Turawa suka shigo Katsina a 1903. Rubutun farko bai tsaya da ƙafarsa ba. Na sa Sarki Abubakar a tsakiya, na ƙaga masa maganganu, duk wanda ya karanta sai ya ji ƙanshin ƙarya. Malaminmu na Hausa ya ce, "Ɗana, mutumin da jikokinsa ke garin nan ba a sa masa magana a baki." Sai na mayar da labarin kan wanda babu shi a kowane littafi, yaro ɗan shekara 13 mai koyon rini. Sarki da Durbi Muhammadu Dikko suka koma can nesa bisa dawakai, yadda talaka ke hango su.

Daga nan na raba takarda biyu. Gefe ɗaya abin da ya tabbata: Kano ta faɗi tukuna, sannan Sakkwato, Katsina kuwa ba a gwabza yaƙi ba, ganuwa na kewaye da gari, hasumiyar Gobarau na tsaye. Ɗaya gefen abin da na ƙaga. Doka ɗaya na bi, na ƙage ba ya karo da tabbatacce. A nan na kama kaina na sa yaron ya gifta ta gaban Kwalejin Katsina, alhali sai wajen 1921 aka kafa ta.

Amma ba manyan abubuwa ke tona asirin marubuci ba, ƙanana ne. Na rubuta cewa an biya shi kwabo biyu, a zamanin da wuri ne kuɗi, ana zube shi a ƙasa a ƙirga biyar-biyar, dubu ashirin su cika keso guda. Na rubuta "ƙarfe huɗu na yamma", ga mutanen da lokacinsu hantsi ne da azahar da la'asar da almuru. Uwarsa ta kunna wuta da ashana, na sauya da ƙyastu, daga baya ma na ga ya fi kyau ta aiki ƙanwarsa ta ɗebo garwashi a maƙwabta. Kalmomi irin su minti da sati da layi da soja duk na bi da jan biro, domin a bakin Bakatsine na lokacin ba su zauna ba tukuna. Bature kuwa, "Nasara" yaron zai ce da shi.

Sana'ar yaron kuwa sai da na zauna da wani tsohon marini. Ban tambaye shi tarihi ba, tambaya uku na yi: me ake zubawa a karofi, me ke ɓata rini, me ke damun jikin mai aikin. Ya lissafa baba da toka da katsi, wato lakar da ke kwantawa a ƙasan ramin rini, ya ce sai an yi kwanaki ana motsawa kafin ruwan ya nuna, ya kuma miƙo hannu na ga shuni ya zauna a gefen faratansa. Wannan farcen ya shiga labarina. Lokacin da dawakai suka wuce, yaron ya ɓoye hannuwansa a baya, ko shi bai san dalili ba.

Kuskuren da ya fi wuyar ganewa shi ne sanin gobe. Ni na san Dikko zai hau gadon sarauta a 1906, yaron bai sani ba. Na goge duk jimlar da yake magana kamar wanda ya karanta ƙarshen tarihi, na bar masa abin da ke gabansa a ranar: jita-jitar da fatake suka kawo daga Kano, da tsoron kada a rufe ƙofofin gari alhali mahaifinsa yana ƙauye sayen baba.