Shekara 65 da kujerar Hajji

A 2022 Saudiyya ta buɗe Hajji ga mutum miliyan 1, bisa sharaɗin kada maniyyaci ya kai shekara 65, ya yi rigakafin korona, ya kawo gwajin da bai wuce awa 72 ba. Najeriya ta samu kujera 43,008 maimakon 95,000 da aka ba ta kafin korona.

Inda gizo ke saƙar, shekarun da ke fasfo aka duba, ba ƙarfin jiki ba. Dattijo ɗan 67 mai noma gonarsa da kansa ya zauna gida, ɗan 50 mai ciwon suga ya tafi. Ga shi a wajenmu galibi sai an aurar da 'ya'ya ake tara kuɗin kujera. Wanda ya biya a 2020 yana da 63, kafin a buɗe hanyar da korona ta rufe ƙa'idar ta cim masa. Sai 2023 aka cire sharaɗin shekarun, lokacin kujera ta kusa naira miliyan 3.