Ƙudirinmu ya mutu tare da majalisar da ta amince da shi

Duk wanda zai bi ƙudirin doka a majalisar jiha, kafin ya nemi ɗan majalisar da zai ɗauka masa, ya fara tambayar wata nawa ya rage wa majalisar. Mu ba wanda ya faɗa mana haka, kuma har yau idan na tuna sai raina ya sosu.

Ni gurgu ne, shan inna ta kama ni tun ina ƙarami, kuma ina cikin waɗanda ƙungiyarmu ta ɗora wa bin maganar dokar masu buƙata ta musamman a jiharmu. Da Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar tarayya cikin Janairun 2019, mun ɗauka kakarmu ta yanke saƙa. Tarar naira miliyan ɗaya ga kamfanin da ya nuna mana bambanci, naira dubu 100 ko ɗaurin wata shida ga mutum, kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, da wa'adin shekara biyar a gyara gine-gine yadda keke zai shiga. Muka ɗauki kwafi muka nufi sakatariya, aka duba aka ce mana wannan ai ta Abuja ce. Asibitin da muke zuwa, firamaren 'ya'yanmu, kasuwa da tasha, duk na jiha ne ko ƙaramar hukuma, don haka sai jiha ta yi tata. Haka aka yi da dokar haƙƙin yara ta 2003, wadda Kano ba ta yi tata ba sai 2023. Legas kuwa tun 2011 take da dokar nakasassu, ba ta jira Abuja ba.

Samun mai ɗaukar ƙudiri bai yi wuya ba. Karatu na ɗaya da na biyu suka wuce, aka miƙa wa kwamiti. Ranar jin ra'ayin jama'a a bene aka shirya zaman. Samari suka riƙa ɗaukar mu ɗaya bayan ɗaya, biyu su kama mutum, ɗaya ya biyo da kekensa, wani dattijo makaho yana lalubar bango da sandarsa yana tambaya ko matakalar ta ƙare. Shugaban kwamiti da kansa ya tsaya yana kallo, kunya ta hana shi magana. Na ce a raina shi ke nan, ba sai mun yi dogon jawabi ba.

Daga nan sai shiru. Zaɓen fidda gwani ya shigo, kowane Onarabul ya koma mazaɓarsa neman tikiti, namu ma ya faɗi. Rahoton kwamiti ya kwanta a durowa har aka gama babban zaɓe. Sai bayan nan, suna tattara komatsansu, suka yi wa ƙudirin karatu na uku tare da tarin wasu a zama ɗaya. Mun yi walima. Har lemo muka raba.

Sashe na 100 na kundin tsarin mulki ya ba gwamna kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Idan ya ƙi, kashi biyu bisa uku na 'yan majalisa za su iya tabbatar da dokar ba tare da shi ba. A takarda ke nan. Gwamnanmu bai sa wa ƙudirin hannu ba. Majalisar da yawancin mutanenta sun sha ƙasa, hankalinsu yana kan kuɗin sallama, wa zai tsaya ja da gwamna saboda guragu? Ranar 29 ga Mayu aka rantsar da sabuwar gwamnati, cikin Yuni aka ƙaddamar da sabuwar majalisa. Na je in ji inda aka kwana, wani tsohon ma'aikaci a ofishin akawu ya dube ni da tausayi ya ce, "Malam, ai wancan ya tafi da masu shi. Sai dai ku sake kawowa daga karatu na ɗaya." Na ce ranka ya daɗe, har da hawa benen? Ya ce har da shi.

Abin da ya fi ƙona min rai, labarin ba sabo ba ne. Majalisar Tarayya ta amince da irin wannan ƙudiri a 2011 da 2015, Shugaba Jonathan bai sa hannu ba. Ku dubi shekarun: duka biyun na zaɓe ne. Lauyoyin da suka taya mu rubutu sun san wannan, jami'an ƙungiyoyin da suka yi ta tara mu a otal suna koya mana dabarun jan hankalin hukuma sun sani. An koya mana yadda ake magana da 'yan jarida, ba a taɓa ajiye mana kalanda a gabanmu ba.

A zagaye na biyu mun sauya hanya. Ba mu sake bi ta hannun ɗan majalisa ɗaya ba, ta ma'aikatar shari'a muka bi, don ƙudirin ya fito daga ɓangaren gwamna. Wanda ya aiko da abu da hannunsa ba ya ƙin sa masa hannu. Kuma a shekarar farko ta mulki muka shigar, lokacin da kowa yake neman abin da zai nuna. Mai shirin irin wannan aiki, in shekara biyun farko ta wuce, ya sani da lokaci yake tsere.

Mun kuma nace a rubuta kafa hukuma da inda kuɗinta zai fito, don mun ga yadda ta tarayya ta kasance: hukumar ba ta samu shugabanni ba sai Agustan 2020, wa'adin gyaran gine-gine ya cika a Janairun 2024, amma je ka ƙirga ma'aikatun da keke yake shiga. Wani a kwamitin kuɗi ya so a cire sashen, wai zai yi wa gwamnati nauyi. Muka ce a bar shi ko mu janye. An bar shi, an kuma sa hannu. Yanzu muna jiran lokacin kare kasafi, don sunan hukumar tamu bai fito a daftarin farko da muka gani ba.